Ƙwayar da Ta Cika wa Goggo Kumatu

Akwai wata mata a Allakaye, cikin ƙasar Buza, sunanta Rabi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidan aurenta da gidan mahaifiyarta, tsohuwar da duk garin ke kira Goggo, har 'ya'yan cikinta. Mijin Rabi yana ci-rani a Abijan kamar yawancin mazan garin, don haka rabin yininta a gidan Goggo yake ƙarewa.

Goggo tana da ciwon suga. Rabi ce ke dama mata fura ba sukari, ita ke wanke mata zannuwa, ita ke yanke mata farce. Kowace safiya ita ke ɓallo ƙwaya ɗaya daga kwali, ta ɗora mata a tafin hannu, ta miƙa mata ruwa. Goggo ba ta karatu. Maganinta da ido ta san shi, 'yar ƙwaya fara mai tsaga a tsakiya.

Wannan ƙwayar kuwa daga Tawa take zuwa. Aziza, ƙanwar Rabi, malamar lakwal ce a can, wato makarantar boko. Duk sa'ad da likitan Buza ya rubuta ordonans, wato takardar magani, sai Rabi ta ɗauki hotonta ta tura wa Aziza. Ita kuma ta tura wa wani farmasi na Tawa da ke karɓar oda ta waya. Farmasi ne mai ƙofa da allon suna, wanda Aziza ta taɓa shiga da ƙafarta ta ga takardar izininsa a bango. Sukan duba takardar, wani lokaci su bugo su tambayi shekarun tsohuwar da abin da take sha ban da wannan. Sannan su ɗaure kwali a liƙe, direban motar kasuwa ya kawo shi Allakaye.

Ranar da kwalin ya iso, Goggo ba ta barin a ɓoye shi da wuri. Takan aje shi a kan tabarma inda duk mai shigowa zai gani.

"Maganin Aziza na," in ji ta ga kowace baƙuwa. "Ɗiyata ta Tawa ta aiko. Ko kwana guda ba ta bari shi yanke. Allah shi yi ma Aziza albarka."

Rabi takan ji wannan tana durƙushe bakin murhu, hayaƙi na shiga idonta. Ba ta taɓa jin an ce furar Rabi ba, ko wankin Rabi. Abin da ake yi wa mutum kullum ba ya samun suna. Abin da ke zuwa cikin mota, a ɗaure da igiya, shi ake ambato.

Ba ta ƙin ƙanwarta. In an tambaye ta, za ta rantse tana sonta, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sai dai duk lokacin da ta ji sunan a bakin Goggo, kishi yakan taso mata. Ta daina kiranta Aziza, ta koma ce mata Madam.

Maƙwabciyarta Sa'ida, mace mai son dariya da tsokana, ta gane inda ke mata ƙaiƙayi, kuma nan take sosawa.

"Rabi, yau ma ke ka wanki, Madam na amsar albarka?" Ta faɗa tana leƙowa ta kan katanga. "Ni da ni ta, da na koma Tawa in riƙa aiko kwali. Aiki kaɗan, lada mai yawa."

"Ke dai tahi ki ji da miyarki, tana ƙuna," in ji Rabi, tana murmushin da bai kai ido ba.

Mijin Rabi ya aiko mata da babbar waya. Wata rana tana zaune gindin bishiyar bedi tana dube-dube, sai ta ci karo da shafin wani mai kiran kansa Dokta Abdurrazak. Ga hotonsa da farar riga, a bayansa kantoci cike da kwalaye. Ga muryoyin mata birjik suna godiya. Wannan ta ce uwarta ta miƙe, waccan ta ce ubanta ya koma gona. Babu sunan gari, babu unguwa, sai lambar waya.

Rabi ta aika masa da saƙon murya. Kafin ta sauke wayar daga bakinta ya amsa.

"Hajiya, sannu da ɗawainiya. Kai, irinku ba su da yawa. Ɗiyar da ke zaune da tsohuwa ita ta san ciwon tsohuwa, ba wadda ke nesa ba."

Ba ta gaya masa tana da ƙanwa ba. Kalma ce da yake faɗa wa kowa, amma ta faɗa daidai wurin da ke buɗe. Rabi ta saurari saƙon har ta haddace shi.

Ta tambaye shi ko ta turo ordonans.

"A'a, Hajiya, mi za a yi da takarda? Wannan wahalar masu farmasi ta. Ɗora ƙwayar a hannunki ki ɗauko mini hoto. In na ga kamarta na san ta. Ina da irinta ta waje, wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba."

Wannan bai ba Rabi mamaki ba. Haka aka saba sayen magani a kasuwar Allakaye. Ka je wurin mai tebur ka ce a ba ka ja da rawaya, ko mai hoton mutum riƙe da baya, ya ba ka. A ganinta ƙwaya kamarta ce sunanta. Ta ɗauki hoton, ta tura kuɗin man gyaɗar da ta sayar, ta jira.

Saƙon ya zo a cikin 'yar leda, an ɗaure bakinta da zare. Babu kwali, babu suna, babu ranar lalacewa. Amma da ta zuba a hannu, ga ta nan sak: fara, ƙarama, da tsaga a tsakiya.

Ta san in ta ce wa Goggo ta bar na Aziza, ba za ta yarda ba. Sai ta yanke shawarar yin shiru tukuna. Ta tura kwalin Tawa ƙarƙashin gadonta. Kowace safiya ta ɗora tata ƙwayar a tafin Goggo. Tsohuwa ta duba, ta ga abin da ta sani, ta yi bisimilla ta haɗiye. Rabi ta ce a ranta, bari sai an ga aiki, sannan in faɗi mai shi.

Aka kuwa ga aiki.

Goggo da ake lallashi kafin ta ci loma uku, sai ga ta tana share kwano tana tambayar ko akwai saura. Ciwon gwiwar da ke hana ta tashi ya yi sauƙi. Kafin damina ta yi nisa, kumatunta sun ciko, fuskarta ta yi zagaye tana sheƙi. A garin da rama ke nufin ciwo, ƙiba kuma lafiya, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Mata suka riƙa shigowa musamman don su gani.

"Tubarkalla! Goggo, ke ta kuwa? Kin koma budurwa!"

Goggo ta shafa kumatu tana dariya. "Maganin Aziza na. Wanga karon ya amshe ni ƙwarai."

Rabi tana tsaye da tsintsiya a hannu. Ji ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta sayar da manta, ta yi dabararta, ga amfanin ya fito, kuma an sake kai shi Tawa.

Akwai wasu abubuwa da ita kaɗai ta gani, domin ita ke kusa. Randar ɗakin Goggo da ke kwana biyu ba a ƙara mata ruwa, yanzu kafin la'asar ta yi ƙasa. Tsohuwa ba ta gama zama ta tashi zagayawa. Kiyashi ya fara taruwa a makewayi. Sannan wata rana Goggo ta taka tushen kara a bayan gida, ya soke ta a babban yatsan ƙafa. Ɗan rauni ne da bai kai a ambata ba, amma ya ƙi rufewa.

Rabi ta aika wa Dokta Abdurrazak da saƙo. Ya ce, "Ciwon na ke fita, Hajiya. Ta ina kike so shi fita in ba ta fitsari ba? Ƙara mata ta zama biyu." Ta ƙara. Lokacin komawa awon suga a Buza ya zo, ta ce wa Goggo ai mai lafiya ba ya zuwa likita, ga hanya ta lalace da ruwa.

Ana cikin haka matar Mahdi, ƙanensu, ta haihu. Ranar suna gidan ya cika. Aziza ta iso da hantsi cikin motar kasuwa, da jakarta a kafaɗa. Tun daga zaure mata suka tare ta da guɗa.

"Ga mai magani ta iso! Madam, zo ki ga aikinki!"

Aka ja ta har gaban Goggo. Aziza ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗago kai, sai murmushinta ya tsaya. Ta dubi fuskar, ta dubi hannuwan da suka sirance, ta dubi ƙafar da aka naɗe da tsumma.

Matan ba su lura ba. Sa'ida ce ta ɗaga murya, tana kallon Rabi ta gefen ido.

"Ni dai na ce, kowa shi haihi irin Aziza. Tana Tawa tana gyara tsohuwa a Allakaye. Mu da ke kusa sai dai mu kawo ruwa."

Aka fashe da dariya. Rabi tana rabon fanke a faranti. Ta dire farantin a ƙasa da ƙarfi har wasu suka gangaro.

"To ku ji in gaya muku! Ba maganin Aziza na ba. Nawa na! Na Madam na nan ƙarƙashin gadona, ko buɗe shi ban yi ba. Ni na nemo, ni na biya, ni na ba ta. Duk kumatun nan da kuke yabo, aikin Rabi na. In za a sa albarka, a san inda za a kai ta!"

Matan suka dubi juna. Wata tsohuwa ta fara cewa, "A'a, ashe Rabi ta..." amma Aziza ta riga ta miƙe.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun hwarin damana. Mi ne ne? Ya ƙona miki rai?"

"Wane likita ya rubuta?"

"Dokta na, ya hi naku. Ba shi buƙatar takarda."

"Ina kwalin?"

"Ba kwali gare shi ba."

Aziza ta juya wajen Goggo. Ta koma ta durƙusa, ta fara warware tsumman ƙafar. Goggo tana cewa a bari, ba komai ba ne, ɗan kara ne. Da tsumman ya rabu da fata, matan da ke kusa suka ja baya suna toshe hanci. Yatsan ya yi baƙi, kumburin ya haura har idon sawu.

Rabi ta san raunin, ita ke wanke shi. Amma kullum a cikin duhun ɗaki take wanke shi, da sauri, tana gaya wa kanta gobe zai bushe. Yau ne ta fara ganinsa a tsakar gida, cikin rana, da idon mutane.

Ba a ci naman suna da su ba. Mahdi ya samo mota, aka ɗauki Goggo sai asibitin mishan da ke bayan Madawa. A hanya tsohuwa ta riƙa neman ruwa, maganarta ta fara harɗewa. Rabi tana riƙe da kanta a cinya, ledar ƙwayar tana ƙulle a bakin zanenta. Ta buga lambar Dokta Abdurrazak, ta shiga, ba a ɗauka ba. Ta aika da murya ta ce ga halin da ake ciki. Aka saurara, ba a amsa ba. Kafin su kai Madawa hotonsa ya ɓace daga wayarta.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su sunanta Elizabet, mace mai sanyin murya wadda ba ta ɓata kalma. Ta soki yatsan hannun Goggo ta auna suga, ta dubi abin awon, ta kira likita da sauri. Bayan an shiga da tsohuwa, ta fito ta tambayi wa ke ba ta magani.

"Ni ta," in ji Rabi. Wannan karon a hankali ta faɗa.

Ta kwance ledar ta miƙa. Elizabet ta kai wa likita, ta jima, ta dawo ta zauna kusa da ita a kan benci.

"Wannan ba maganin suga ba ne. Likita ya ce duk alamun sun nuna irin ƙwayar nan ce da wasu 'yan mata ke sha don su yi jiki. Akwai ciwon da ake ba da ita dominsa, da awo, na ɗan lokaci. Tana buɗe ciki, tana kashe zafin gaɓoɓi, tana kumbura fuska. Amma ga mai suga, tana hura ciwon, kuma tana hana rauni warkewa. Ga shi an tsayar mata da na gaskiyar."

"Amma iri ɗaya na," in ji Rabi. "Na aza su a hannu, ba ka rarrabewa."

"Fararen ƙwayoyi masu tsaga sun fi a ƙirga, 'yar'uwa. A ɗakin maganinmu kaɗai akwai na hawan jini, na zuciya, na farfaɗiya, duk kamarsu ɗaya. Shi ya sa ake rubuta suna."

"To a zubar da ita, kar ta ƙara ko guda."

"Ko wannan ba a yi da gaggawa. Jikinta ya saba da ita. In aka yanke rana ɗaya, wani haɗarin ne. Likita zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan."

Rabi ta sunkuyar da kai. Abin da ta ɗora a tafin uwarta da hannu ɗaya, yanzu ko janye shi ba ta da iko.

An ceci ran Goggo, an ceci ƙafar. Yatsan ne ba a ceta ba.

Aziza ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Rabi nauyi. Hutun da ta roƙa ya ƙare, dole ta koma aji. Da za ta tafi ta karɓi wayar Rabi ta sa mata lambar farmasin Tawa.

"Yaya, ke ka ganin ta kullum, ke ya kamata su riƙa tambaya. Ki tura musu takardar likita, ba hoton ƙwaya ba. In kwali ya zo, ki duba a liƙe yake, ki duba suna da ranar da ke jiki. In kin ga wani abu ya sake a jikinta, ko mai kyau na, ki gaya ma likita."

Rabi ta karɓi wayar ba ta ɗago ido ba.

Ita ta zauna jinya. Wata rana da hantsi tana shafa wa Goggo mai a baya, kumatun nan sun fara saɓewa, sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Goggo, ni ban taɓa jin kin sa mini albarka gaban mutane ba."

Tsohuwa ta juyo da kai ta dube ta.

"Kin san abin da aka ce da Aziza ta tahi Tawa? An ce boko ya ci ta, ta yada uwarta. A bakin rijiya anka hwaɗa, a kunnena. Shi ya sa nike aje kwalin nan a tabarma, in rufe musu baki." Ta numfasa. "Ke wa zai ce kin yada ni? Garin ga duka na ganin ki. Ban san kina jiran in hwaɗa ba."

"Ina jira, Goggo."

"To na yi kuskure. Allah shi yi miki albarka, Rabi." Ta ɗan juya. "Sauka ƙasa kaɗan, nan ka ƙaiƙayi."

Albarkar da ta yi shekaru tana nema ta zo mata a ɗakin asibiti, ba kowa sai wata maras lafiya da ke barci a gadon gefe. Ta ci gaba da shafa man, hawaye na sauka a bayan tsohuwar.

Suka koma Allakaye bayan an yi girbi. Goggo ta warke, tana takawa da sanda. Sai dai ba ta iya tsayuwar salla, domin ƙafar ba ta riƙe ta, kuma in ta yi sujada babu yatsan da za ta kafa a ƙasa. Mahdi ya sa kafinta ya yi mata 'yar kujera.

Matar da ta shekara sittin tana kai goshinta ƙasa, yanzu daga zaune take sunkuyawa. Rabi ce ke ɗauko kujerar in an kira salla, ita ke juya ta gabas, ita ke mayar da ita in an sallame. Ba wanda ya sa ta, kuma ba ta bari wani ya taɓa.

Darasi: Kada ka sayi magani a waya wurin wanda ba ka san ƙofarsa ba. Farmasin gaskiya yana da wuri, yana da izini, yana neman takardar likita, kuma maganinsa na zuwa a liƙe da suna da ranar lalacewa. Wanda ya ce hoton ƙwaya ya ishe shi, kuɗinka yake so, ba lafiyar majinyacinka ba. Kumatu ba awo ba ne, kuma ba a canja wa maras lafiya magani ba da sanin likita ba. In kuma kishin ɗan'uwa ya tsaya maka a rai, faɗe shi da baki tun bai sa hannunka aiki ba. Ku kuma iyaye, ku riƙa yaba wa wanda ke kusa da ku yana ji. Ku tura wannan ga duk wanda ke jinyar tsoho a gida, wataƙila akwai wata leda a ƙulle a bakin zane yanzu haka.